Mece ce almarar kimiyya, kuma me ya haɗa ta da Legas?

Almarar kimiyya ƙagaggen labari ne da ake ginawa a kan ilimi da ƙere-ƙere. Marubuci yakan ɗauki abin da ido ke gani yau, ya bi sawunsa ya ga inda zai kai mutane nan da shekara hamsin ko ɗari. A nan ta raba gari da tatsuniya. In aljani ya sunkuci mutum daga Agege ya dire shi a Kano kafin ƙiftawar ido, ba mai neman dalili. A almarar kimiyya kuwa sai an faɗi wace na'ura ce, wa ya ƙera ta, wa ke da kuɗin hawanta, kuma ina direbobin da ke kawo tumatir da albasa kasuwar Mile 12 za su sa kansu bayan ta zo. A ganina, labarin da ya tsallake wannan tambaya ta ƙarshe bai cika ba, komai kyan na'urar da ke cikinsa.

Gajerun labarai ne suka raini wannan fanni. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka. Labari yakan fara fitowa a mujalla, daga baya a tattara shi da 'yan'uwansa a littafi guda.

Tarin labaran da aka rubuta a kan Legas kuwa bai bi ta mujalla ba. A 2010, shekarar da Nijeriya ta cika 50 da samun 'yanci, Ayodele Arigbabu, wanda ya karanci zanen gine-gine, ya shirya taron bita inda marubuta takwas suka zauna suna hasashen birnin a 2060, lokacin da ƙasar za ta cika shekara 100 da samun 'yanci. Daga nan sunan littafin, Lagos_2060, ya samo asali. Littafin bai fito ba sai 2013, daga kamfaninsa na DADA Books. Kafin shi da shekara guda Ivor Hartmann ɗan Zimbabuwe ya fitar da AfroSF, tarin almarar kimiyya na marubutan Afirka, a 2014 kuma mujallar Omenana ta soma fita a intanet.

Dukansu da Turanci aka rubuta su, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Bahaushen Idi-Araba ko Obalende yana kallon yadda aka cike teku da yashi aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic, yana kuma kwashe ruwa daga ɗakinsa duk damina. Wanda ya san waɗannan biyun yana da abin faɗa game da Legas ta 2060, da harshen da yake ciniki da shi.