Ƙin Fita Zaɓe: Wa Yake Amfana Idan Takara Ta Yi Kankankan?

Idan ban kaɗa ƙuri'a ba, ai ban taimaki kowa ba. Ko ba haka ba ne?

Ba haka lissafin yake ba. A Najeriya, ƙuri'un da aka kaɗa kuma suka inganta kaɗai ake ƙirgawa, kuma doka ba ta ƙayyade adadin mutanen da dole su fito kafin zaɓe ya halatta ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kuma Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a kusan miliyan 8.8. Wanda ya zauna gida ya rage wa ɗan takarar da yake so ƙuri'a ɗaya. Wanda ya sauya sheƙa kuwa ya motsa tazarar da biyu: ya rage nan, ya ƙara can.

Ƙuri'a ɗaya za ta iya sauya wani abu?

Da wuya ita kaɗai, amma ba mutum ɗaya ne ke zama gida ba. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, Aminu Tambuwal ya kayar da Ahmed Aliyu da tazarar ƙuri'a 342, a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da 3,000. Da a cikin kowaɗanne rumfuna takwas an samu magoyin bayan Tambuwal ɗaya tak da ya leƙo, ya ga layi ya yi tsawo rana kuma ta take, ya juya, da kujerar ta kuɓuce. A zaɓen gwamnan Osun na 2018 tazarar ƙarshe 482 ce, a jihar Florida a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000 kuwa 537.

To ƙarancin fitowa kullum yana sauya sakamako ke nan?

A'a. Idan magoya bayan ɓangarorin biyu suka janye daidai wa daida, wanda zai ci shi zai ci. Matsalar ita ce ba a janyewa daidai. Ruwan sama, ƙarancin kuɗin mota, fargabar 'yan daba, jinkirin isowar kayan zaɓe, ko fushin 'yan jam'iyya bayan zaɓen fidda gwani, duk sun fi taɓa wani yanki a kan wani. Har cewa "ai mun riga mun ci" na zaunar da mutane gida.

Shin ƙin fitowa ne ke sa a ce zaɓe bai kammala ba?

Nan ake yawan ruɗewa. Hukumar zaɓe ta INEC na ayyana hakan ne idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba, kamar yadda ya faru a Kano a 2019. Rumfar da aka buɗe lafiya mutane suka ƙi zuwa, sakamakonta ya zauna.

Ƙaurace wa zaɓe baki ɗaya fa?

Yana zubar da kimar zaɓen, amma ba ya hana rantsar da wanda ya ci. A Nijar a 2016, 'yan adawa sun ƙaurace wa zagaye na biyu yayin da ɗan takararsu Hama Amadou ke tsare, Mahamadou Issoufou ya samu sama da kashi 92 cikin 100, ya kuma kammala wa'adinsa na shekara biyar.