Wasiyyi, magaji da takardar kotu: wa ke da ikon taɓa dukiyar mamaci?

Rigimar gado da yawa daga rashin fahimtar matsayin kowa take farawa. Mutum ya ji an ce shi ne wasiyyi, sai ya ɗauka dukiya ta zama tasa. A'a. Wasiyyi shi ne wanda mamaci ya ambata a cikin wasiyyarsa domin ya tattara abin da aka bari, ya biya basussuka, ya miƙa wa kowa haƙƙinsa. Amana aka ɗora masa, kuma idan ya ci, kotu na iya tuhumarsa.

Abin da mamaci ya bari gaba ɗaya, gida ko gona ko kuɗin banki, shi ake kira tarika. Ba a fara da rabo. Sai an cire kuɗin jana'iza da bashi tukuna, kuma a nan ne nake ganin ake yawan cutar masu bin bashi, domin iyali kan yi gaggawar rabo alhali haƙƙin wani na cikin dukiyar.

Magaji daban, wanda aka yi wa wasiyya daban. A shari'ar Musulunci, rabon magada yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. Wasiyya ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yi wa magaji ita sai idan sauran magada sun amince. A tsarin Ingila kuwa, wanda ƙasashe da dama suka gada, mutum na da 'yancin bar wa wanda ya ga dama, amma dokar wasiyya ta 1837 ta gindaya sharuɗɗa: a rubuce, da sa hannun mai wasiyya, a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda. Ga tarkon da ba kowa ya sani ba. Uba yana kwance a gadon asibiti, ya kira 'yarsa da maƙwabcinsa su sa hannu a matsayin shaidu, alhali 'yar ce ya bar wa gidansa a wasiyyar. Wasiyyar ta inganta, amma 'yar ta rasa gidan ta wannan hanya, saboda shaida ba ya cin kyautar wasiyyar da ya shaida.

Riƙe takardar wasiyya a hannu bai isa ba. Galibi banki ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardar tabbatar da wasiyya, wadda kotu ke bayarwa bayan ta gamsu cewa wasiyyar sahihiya ce. Idan babu wasiyya, kotu ce ke naɗa mai kula da tarika, ta ba shi takardar izinin gudanarwa.

Wanda ya so sauya wani abu a wasiyyarsa kuma yana iya rubuta ƙarin wasiyya, amma a tsarin Ingila ita ma sai da sa hannu da shaidu biyu.