Intanet ɗin cikin gida na kamfani ya tsufa: me kwansaltan zai iya yi a kai?

Waɗannan tambayoyi ne da masu kamfani da manajoji suka fi yi min idan maganar gyara intiranet ta taso, na haɗa su wuri ɗaya da amsoshin da nake bayarwa.

Wai mene ne ma intiranet ɗin?

Shafi ne irin na intanet amma na ma'aikatan kamfani kaɗai, wanda ba ɗan gida ba ba zai iya shiga ba. A nan ake ajiye sanarwa, dokokin aiki, fom ɗin neman hutu, lambobin waya na sassa, jadawalin aiki da sauransu. Kamar allon sanarwa na bakin ofis ne da kabad ɗin fayil aka haɗa su aka sa cikin kwamfuta da waya.

Ta yaya zan gane namu ya tsufa?

Ka tambayi sabon ma'aikaci ya nemo maka fom ɗin hutu, ka tsaya kana kallonsa. Idan ya buɗe shafin ya yi ta lalube har ya gaji ya kira wani a waya ya ce don Allah turo min, to ka samu amsarka. Wata alamar kuma ita ce takarda ɗaya ta kasance kwafi uku ko huɗu, kowa yana cewa tasa ce ta ƙarshe, ko kuma shafin ba ya buɗewa da kyau a waya sai an zauna gaban kwamfutar ofis.

Akwai kuma tsufan da ba ya ganuwa da ido, shi ne wanda ya fi damuna. Kamfanoni da yawa sun gina nasu ne a kan manhajar SharePoint ta Microsoft, wadda ta fara fitowa tun 2001, suka ɗora ta a kan saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, da ke ɗaki a ofis. SharePoint 2013 Microsoft ya daina kula da shi tun Afrilun 2023, na 2016 da na 2019 kuma ranar da aka tsayar musu ita ce 14 ga Yulin 2026. Daina kulawa na nufin idan aka gano wata kafa da ɓarayin intanet za su bi babu wanda zai toshe maka ita. Kuma wannan ba tsoratarwa ba ce kawai, a Yulin 2025 an kai hare-hare kan sabobin SharePoint da kamfanoni da hukumomi ke riƙe da su a gida a ƙasashe da dama, waɗanda nasu ke kan intanet a hannun Microsoft abin bai taɓa su ba. Masu amfani da Confluence, wata manhajar irin wannan, su ma sun ga daina kulawar, kamfanin Atlassian mai ita ya daina tallafa wa nau'in da ake kira Server a Fabrairun 2024.

Ai muna da guruf na WhatsApp kuma aiki yana tafiya, me ya sa sai mun kashe kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurinmu, kuma ba na raina ta ko kaɗan don gaskiya WhatsApp yana aiki, kowa ya iya shi, ba ya cin data sosai, direba da mai gadi da oga duk suna ciki. Duk wanda zai kawo sabon tsari ya sani cewa da shi yake takara.

Amma ka duba abin da ke faruwa. An turo sabon farashin kaya ranar Litinin, kafin Laraba barka da safiya da ta'aziyya da katin ɗaurin aure sun binne shi, wakilin da ke Gusau ko Maraɗi bai gani ba ya sayar a tsohon farashi. Ma'aikaci ya bar aiki ko an sallame shi, an cire shi daga guruf amma duk takardun da aka taɓa turawa suna nan a wayarsa, jerin kwastomomi, farashin sari, har wani lokaci takardar albashi. Wayar akanta ta faɗa ruwa, rasit na wata shida sun tafi. Wanda aka ɗauka aiki jiya kuma ba shi da inda zai je ya karanta yadda ake yin abubuwa sai dai ya yi ta tambaya. Ni ba na cewa a rufe guruf, a bar shi don hira da saƙon gaggawa, amma takardar da kamfani ya dogara da ita ta zauna a wurin da kamfani ke riƙe da makullinsa.

Muna da sashen kwamfuta, me zai sa mu ɗauko wani daga waje?

Ba don ba su iya ba ne. Yawanci mutum biyu ne ko uku, kuma tun safe suna kan firinta da ta ƙi aiki, netiwok da ya ɗauke, wanda ya manta kalmar sirrinsa, ina za su sami wata uku su zauna su tsara sabon abu? Sannan ƙaura daga tsohon tsari zuwa sabo abu ne da kamfani zai yi sau ɗaya cikin shekaru, shi kuwa kwansaltan, wato ƙwararren da ake ɗaukowa daga waje, sana'arsa ke nan, ya san ramukan da ke hanya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, baƙo yana iya gaya wa shugaban sashe cewa rabin takardunsa ba su da amfani a goge su, ƙaramin ma'aikacin gida ba zai iya buɗe baki ya faɗi haka ba.

To idan ya zo me yake yi takamaimai?

Na kirki ba ya fara maganar manhaja a satin farko. Zagaye yake yi, ya zauna da mai sito, mai karɓar kuɗi, 'yan kasuwa da ke fita waje, sakatariya, ya tambaye su me kuke nema kullum, a ina kuke samu, me ke ɓata muku lokaci. Sau da yawa abin da oga ke so a shafin farko, wato hotonsa da jawabinsa, ba shi ne abin da ma'aikata ke buƙata ba, su takardar albashi suke nema da fom ɗin hutu da lambar wanda za a kira idan mota ta lalace a hanya.

Daga nan sai shara. Za a ƙirga duk abin da ke cikin tsohon shafin a raba shi, wanda za a ɗauka, wanda za a gyara kafin a ɗauka, wanda za a adana a gefe saboda doka ko binciken kuɗi, da wanda za a zubar. Wannan aikin ba shi da daɗi kuma shi ne ke cin lokaci, amma idan aka tsallake shi to an kwashe tarkacen tsohon gida ne an zuba a sabo. Na taɓa ganin wani kamfani da aka biya kuɗi mai yawa aka kwafe masa komai yadda yake, shafin ya yi kyau a ido, bayan 'yan watanni kowa ya koma guruf saboda idan ka nemi dokar tafiya aiki takardu biyar ne za su fito kuma ba ka san wacce ke aiki ba. Abin ya ba ni takaici sosai don kuɗin da aka kashe ba ƙarami ba ne.

Sai tsara wurin zaman komai da sunayen da ma'aikata ke kiran abubuwa da su, ba sunayen sassa na takarda ba. Sai mayar da fom na takarda zuwa na waya, mutum ya cike, ya tafi wurin ogansa kai tsaye, ya sa hannu, a ga inda ya tsaya idan ya maƙale. Sai gwaji da sashe ɗaya ko reshe ɗaya kafin a buɗe wa kowa. Sannan horo, kuma idan ma'aikatanka Hausa suka fi ji to a yi horon da Hausa, a yi gajerun bidiyo da Hausa, muhimman sanarwa ma a sa su da Hausa.

Wace manhaja ce ta fi?

Wadda ta dace da abin da kuke biya yanzu. Idan kuna kan Microsoft 365 akwai yiwuwar SharePoint da Teams suna cikin lasisinku kuna biya ba ku amfani da su. Idan Google Workspace ne akwai Google Sites da Drive, ƙaramin kamfani ya ishe shi. Akwai na musamman irin Workvivo wanda Zoom ya saya a 2023.

Amma ku tambayi kwansaltan abu ɗaya, idan wannan kamfanin ya rufe manhajar gobe yaya za mu fitar da kayanmu? A da Meta mai Facebook yana da Workplace, dandalin sadarwar ma'aikata wanda manyan kamfanoni suka dogara da shi, a Mayun 2024 ya sanar zai rufe shi, dole duk suka nemi wurin komawa.

Ma'aikatanmu da yawa ba su da kwamfuta fa, direbobi ne da 'yan masana'anta.

To a fara tsarin daga waya, kuma ba wayar oga ba, a gwada da ƙaramar Android mai ɗan ƙaramin wurin ajiya a inda netiwok ke rawa. Shafi mara nauyi, ba manyan hotuna da za su cinye wa mutum data ba. Microsoft yana da lasisi mai rahusa na irin waɗannan ma'aikata, F1 da F3, bai kamata a saya wa direba lasisi irin na akanta ba.

Maganar tsaro da doka fa?

A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma bayanan ma'aikata suna ciki, lambar asusu, NIN, takardar asibiti. Idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane doka ta ce a sanar da hukumar cikin awa 72. Don haka wani babban ɓangare na aikin kwansaltan shi ne tantance wa zai ga me, da tabbatar da cewa ranar da mutum ya bar aiki a ranar za a rufe masa ƙofa. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da ake ta ɗora ƙirƙirarriyar basira irin Copilot ta Microsoft a kan takardun kamfani, don ita duk abin da mutum ke da izinin buɗewa za ta iya zaƙulo masa, idan an bar fayil ɗin albashi a buɗe bisa kuskure to tambaya ɗaya ta isa.

Ta yaya zan gane kwansaltan na kirki, kuma me zan sa a kwangila?

Ka tambaye shi ko yana samun kamisho daga kamfanin manhajar da yake ba ka shawara a kai, ba laifi ba ne amma ka sani. Ka ce ya haɗa ka da wani kamfani da ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce ka ji ko har yanzu suna amfani da abin. Ya lissafa maka kuɗin shekara uku ba na ginawa kaɗai ba, don lasisi duk wata ko duk shekara ake biya a kan kowane mutum, farashin kuma yana bin dala, kuma duk mun ga yadda naira ta yi tun 2023.

A kwangilar a rubuta cewa babban asusun gudanarwa da sunan kamfani za a buɗe shi ba da imel ɗin kwansaltan ba, a rubuta cewa zai horar da 'yan sashen kwamfuta har su iya riƙe abin su kaɗai, kowane shafi kuma a sa masa mai shi a cikin gida, mutum guda da sunansa wanda zai riƙa duba shi duk wata uku ko shida. Kason ƙarshe na kuɗinsa a riƙe shi sai bayan wata biyu ko uku da buɗewa, a zauna tare a duba mutum nawa ke shiga da fom nawa aka cike ta ciki kafin a biya.