Cutar Noma da Aikin Agajin Yara a Sakkwato da Damagaram

Noma cuta ce da ke cin baki da fuskar ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma kusan duk inda aka same ta to akwai yunwa da talauci a wurin. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona ko kaɗan, daga yaren Girka ya fito, ma'anarsa abin da ke ci yana yaɗuwa, amma da yake ya zo daidai da kalmarmu ta Hausa sai ka ji an ce "asibitin noma" mutum ya ɗauka zancen manoma ake. A ƙauyuka ma ba kowa ya san ta da wannan sunan ba, wasu su ce ciwon daji, wasu su ce ciwon iska, shi ya sa sau da yawa wurin mai maganin gargajiya ake fara kai yaro kafin a tuna da asibiti.

Yadda take farawa shine abin da ya fi kamata kowa ya sani, don a nan ake cin nasara ko a rasa yaro. Da farko dasashi ne ke kumbura, in an taɓa ya yi jini, bakin yaron ya riƙa wari sosai, yawu na zuba, ya ƙi cin abinci. Uwa za ta ɗauka haƙori ne ko zafi ya yi masa yawa. Bayan 'yan kwanaki sai kumatu ko leɓe ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, sai wani baƙin tabo ya fito a wajen, naman wurin ya mutu ya zube ya bar rami, wani lokaci har ka hango haƙora ta gefen kunci. Duk wannan fa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Tana iya cin leɓe, hanci, ƙashin muƙamuƙi har zuwa ƙasan ido. Ba a ɗaukarta daga wani, ƙwayoyin cutar da ke cikin baki ne ke samun dama idan garkuwar jiki ta faɗi, yawanci ga yaron da tamowa ta riga ta ramar da shi sannan ƙyanda ko maleriya ta biyo baya, ga rashin tsaftar baki da ruwan sha mai kyau.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, wanda har yau shi ake ambata, ya ce yara wajen 140,000 ne ke kamuwa duk shekara, kuma cikin goma tara na iya mutuwa in ba su samu magani ba. Abin da ke ƙona rai shine maganin ba mai tsada bane in an zo da wuri, amoksisilin da Flagyl ne, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki, da ƙarin ruwa. Turai ma ta yi fama da ita har ƙarni na 19, ta ɓace da mutane suka samu abinci da tsafta, sai kuma ta sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi irin su Aushwiz lokacin yaƙin duniya na biyu, inda aka bar mutane da yunwa.

Wanda ya rayu kuma wahalarsa ba ta ƙare ba. Idan miki ya warke fatar takan tattare ta ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, yaro ya koma sai kunu da koko ake ɗura masa ta ɗan gefe, magana ba ta fita sosai, abinci yana dawowa ta ramin kunci. Za ka ga yarinya kullum da gefen gyale a baki ko da zafi ake kamar me, ba makaranta, ba wasa da sa'o'inta, in ta girma ga maganar aure. Ni a ganina wannan tsangwamar ta fi ramin da ke fuskar ciwo, kuma mu ne mutanen gari muke yin ta.

Asibitin yara na noma da ke Sakkwato an buɗe shi a 1999 da tallafin gidauniyoyin agaji daga Jamus da Holan, kuma yana cikin 'yan tsirarun asibitoci a duniya da aikinsu kacokan wannan cutar ce. Daga 2014 ƙungiyar likitocin na gari na kowa, wato MSF, ta shigo tana aiki tare da ma'aikatar lafiya. Magani da tiyata kyauta ne. Ana fara gina jikin yaro da abinci tukuna don ba a yi wa mai tamowa babban aiki, sannan likitocin gyaran fuska na gida da na waje su zo lokaci lokaci cikin shekara, su yanko fata daga goshi ko ƙirji ko wani wuri a jikin mara lafiyar su toshe ramin, su sake gina leɓe ko hanci. Wani sai an shiga da shi sau uku sau huɗu cikin shekaru. Bayan tiyata akwai gashi da motsa baki, ana jera 'yan siraran katako tsakanin haƙora, yau a ƙara ɗaya gobe a ƙara ɗaya har muƙamuƙin ya saki, abu ne mai zafi kuma in aka daina baki sai ya koma ya rufe. Akwai masu zama da yara da iyaye su kwantar musu da hankali, da kuma ma'aikata masu shiga ƙauyuka suna koya wa iyaye mata da masu maganin gargajiya su riƙa ɗaga leɓen yaro suna duba dasashi.

A Nijar ma haka, gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980 tana da cibiya a Damagaram tun farkon shekarun 1990, tana karɓar yara, waɗanda aikinsu ya yi tsanani an sha kai su har Janeba. Wata ƙungiyar Jamus mai suna Hilfsaktion Noma tana aiki a Yamai, kuma ita ta gina cibiyar noma da aka buɗe a harabar babban asibitin ƙasa na Abuja a 2023.

Ɓangaren haƙƙi kuwa, yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 20 ga Nuwamba 1989, sashe na 24, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin kula da lafiya da abinci mai gina jiki da ruwa mai tsafta, kenan yaron da noma ta ci fuskarsa an riga an tauye shi tun kafin ciwon ya zo. Najeriya ta ware wannan rana ta 20 ga Nuwamba a matsayin ranar noma ta ƙasa, kuma ita ta jagoranci wasu ƙasashe wajen kai buƙata gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, har a Disamba 2023 aka sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a ƙasashe masu zafi, wanda hakan ke buɗe ƙofar kuɗin bincike da horar da ma'aikatan lafiya. Waɗanda suka tsira ma sun kafa ƙungiyarsu mai suna Elysium, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa tiyata a Sakkwato kuma daga baya ta zama ma'aikaciya a asibitin.