Ashram: Gidan Zaman Ibada a Addinin Hindu

Ashram wuri ne da mabiya addinin Hindu ke tarewa, na 'yan kwanaki ko na tsawon rai, domin ibada da karatu da horar da zuciya a ƙarƙashin malami da suke kira guru. Kalmar daga harshen Sanskrit take, kuma tushenta, shrama, yana nufin wahala ko ƙoƙari. A da can bukkoki ne cikin daji, inda masu gudun duniya ke zama da almajiransu. A yau wasu sun zama manyan gidaje masu ɗaruruwan ɗakuna, suna karɓar gwauro da matafiyi da magidanci da iyalinsa.

Garin da ya fi shahara da su shi ne Rishikesh, a jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, inda kogin Ganga ke gangarowa daga duwatsun Himalaya. Swami Sivananda, wanda likita ne kafin ya bar aikin, ya kafa ƙungiyarsa ta Divine Life Society a can a 1936. A 1942 aka kafa ashram ɗin Parmarth Niketan, mai ɗakuna sama da 1,000. Turawa sun fara tururuwa zuwa garin bayan mawaƙan Beatles na Ingila sun zauna a ashram ɗin guru Maharishi Mahesh Yogi a 1968.

Rayuwar ashram tana tafiya da ƙararrawa. Ana tashi tun kafin asuba, wajen ƙarfe huɗu ko biyar, a yi zaman tunani shiru, sannan motsa jiki na yoga da karatun littattafai irin su Bhagavad Gita. Abinci babu nama, babu ƙwai, gidaje da yawa ma ba sa sa albasa da tafarnuwa, don suna ganin suna tayar da sha'awa. Shinkafa ce da miyar wake da gurasa, a zauna a jere a ƙasa a ci. Giya da taba haramun ne a ciki, kuma ana cire takalmi kafin shiga wurin ibada. Baƙo kan yi seva, wato aikin sa kai: shara, wanke-wanke, yankan kayan miya. Ko attajiri ne, tsintsiya yake ɗauka.

Da faɗuwar rana a Parmarth Niketan kowa kan sauko matakalar bakin kogi don ibadar girmama kogin da ake kira Ganga Aarti. Yara ɗalibai sanye da rawayen tufafi suna rera waƙoƙin ibada, ana juya fitilun tagulla masu wuta, jama'a na sakin 'yan ƙoƙunan ganye ɗauke da furanni da fitila a kan ruwa.

Iyalai sun fi zuwa lokacin hutun makaranta, su kama ɗaki guda su yi mako ɗaya ko biyu. Tsofaffi kuwa kan daɗe, domin addinin ya ware wa ƙarshen rayuwa matakin janyewa daga harkokin duniya. Gidaje da dama sadaka suke karɓa maimakon kuɗin ɗaki, amma wasu na zamani, masu sayar wa baƙi kwas ɗin yoga, da ƙyar za a bambance su da otal.

A Afirka ta Yamma akwai irin wannan gida a Akara, wanda ɗan Ghana Swami Ghanananda ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016.