Waiwaye: Wa'adin hukumar gudanarwar asibiti, tsakanin takarda da aiki

Tun da aka ɗaga darajar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Katsina ta koma asibitin koyarwa a 2022, batun wa'adin 'yan hukumar gudanarwarta ya ƙara shafar ma'aikata da marasa lafiya.

Tushen tsarin shi ne dokar soja mai lamba 10 ta 1985, wadda ta sake fasalin hukumomin asibitocin koyarwa na tarayya. Mambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda kujerarsu ce ta kai su, kamar babban daraktan asibiti da wakilin ma'aikatar lafiya, su kam ranar da suka bar muƙami ranar suka bar hukuma. Sai naɗaɗɗu, wato shugaba da masu wakiltar jama'a, waɗanda aka ɗibar wa shekara huɗu.

A takarda ke nan. A aikace, sauyin gwamnati ne ke yanke wa'adi. A Yulin 2015 Shugaba Buhari ya rushe hukumomin ma'aikatun tarayya, jerin sababbin sunaye bai fito ba sai ƙarshen Disamban 2017, shi ma da sunayen mamata a ciki. Shugaba Tinubu ya sake rushe su a Yunin 2023. Duka karo biyun an umarci shugabannin ma'aikatu su riƙa tura abin da ke buƙatar amincewar hukuma zuwa sama ta hannun manyan sakatarori.

Nan ne gizo ke saƙa. Hukuma ce ke tabbatar da ɗaukar manyan ma'aikata, da ƙarin girmansu, da ladabtar da su. Ma'aikacin da aka dakatar rabin albashi yake karɓa, kuma doka ta ce a duba maganarsa kafin wata uku ya cika. To idan babu hukuma, wa zai zauna? Fayil ɗinsa ya tafi Abuja, shi yana Katsina yana jiran tsammani. Haka malamar jinyar da ta ci jarrabawar ƙarin girma, takardarta sai ta kwana biyu a hanya.

Wata illar kuma, rushe kowa a rana ɗaya ba ya barin ko mutum guda da ya san inda aka kwana kan kwangilar da ba a gama ba. Da ana sauya rabi a bar rabi, da sauƙi.

Manyan asibitocin jiha kuwa, irin na Funtuwa da Malumfashi, ba su cikin wannan doka. Hukumar kula da asibitocin jiha ce ke riƙe da su, naɗin shugabanninta kuma yana hannun gwamna.