Ku Daina Sayen Maganin Fasa-ƙwauri

'Yan uwa, abu ɗaya nake ta gani a wurin aikina a asibiti, ya ishe ni. A kawo yaro jiki zafi rau, ido ya juye, uwa ta ce ai kwana uku ana ba shi magani. Na ce, Mama, nuna min kwalin. Sai ta kwance bakin zani ta miƙo ƙwayoyi ƙulle a leda. Babu suna, babu lambar rajista, babu ranar lalacewa. A ina aka saya? Wajen mai talla, wai ya fi sauƙi.

Araha ba ta ado, wallahi. Yawancin irin wannan magani ta barauniyar hanya yake shigowa, an cusa shi ƙarƙashin wasu kaya, ya kwana ya wuni cikin rana, ba wanda ya duba shi. Allurar insulin ta masu ciwon sukari tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wane ɗan fasa-ƙwauri ne zai damu da wannan? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Wannan ɗayan nake gani a ledar da kuke miƙo min.

Samarinmu kuma tiramol. A asibiti mai miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, bisa takardar likita. Na sumoga har mai 225 ake shigowa da shi. Saurayi ya haɗiya don ƙarfin aiki, sai ga shi an ɗauko shi yana karkarwa, kumfa a baki, uwarsa na salati a bakin ƙofa. Raina yana ɓaci, domin yaran nan namu ne.

Shi ya sa nake goyon bayan a ƙarfafa dokokin kwastan. Tarar da ba ta kai ribar kwali ɗaya ba ba ta tsorata kowa. A ƙwace kaya, a ƙona su, a ɗaure mai su, a samar da na'urar duba kwantena, jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai shi ma a hukunta shi. Tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ke kai samame kan haramtattun magunguna a wani shiri mai suna Pangea, amma kaya na ta shigowa. Saboda me? Saboda kuna saya. Mai saye shi ne ɓarawon zaune. Haba, iyayena, ku daina saya!

Na san hali ya yi wuya, ban manta ba. To ga abin yi, a gurguje:

- Ku sayi magani a asibiti ko kantin magani mai rajista.
- Ku duba lambar rajista da ranar lalacewa.
- Ƙwaya tsirara a leda, kar ku karɓa.
- In kun riga kun saya, ku kawo mana mu gani kafin a ba yaro.